Soyayyar ƴan lise ta Japan a cikin salular ɗiyanmu

Akwai wani irin littafi da ya shigo hannun yaranmu bai bi ta kanti ba, bai bi ta lakwal ba, bai kuma bi ta hannun uba ba. Sunansa manga. Labari ne cikin zane da ake yi a ƙasar Japan, baƙi da fari, ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami. Iyayen da suka taɓa jin labarinsa, yawanci Naruto da Dragon Ball suka sani, na faɗa da tsalle-tsalle da samari ke kallo. Amma akwai wani reshe da ya fi kama zuciyar ƴan matan kwaleji da lise, wanda Japanawa ke kira shojo, wato na ƴan mata. Mafi yawansa labarin soyayyar farko ne tsakanin ɗalibai: yarinya ta ga yaro a aji, zuciyarta ta buga, sai a yi ta jan labari ana dariya ana jin kunya har a kai jarrabawar ƙarshe.

Ni malamin Faransanci ne a kwaleji, kuma Allah ya ba ni ɗiya mata biyu da suka tasa. Na zauna na karanta da dama daga cikin littattafan nan, domin ba ni iya hana abin da ban sani ba, ba ni kuma iya yarda da shi ido rufe. Abin da na gani nake so in kawo wa ƴan uwana malamai da iyaye.

Da Faransanci suke iso mana. Bayan Japan, Faransa na cikin ƙasashen da suka fi sayen manga a duniya, kuma kamfanonin buga littattafai irin su Kana da Glénat da Pika suna fassara su da yawa. Littafi ɗaya a can yana kai wajen yuro 7, wato kusan jaka biyar kuɗinmu tun kafin a ɗauko shi zuwa Yamai. Labarin da ya kai littafi 30 kuwa ya haura jaka 130. Ɗiyar talaka a Maraɗi ko Damagaram ba ta da wannan kuɗi, saboda haka a salula take karantawa, a shafukan intanet da ke zuba su kyauta ba da izinin masu su ba, ko wata ƙawa ta tura mata ta WhatsApp. Shi ya sa uwa za ta share ɗaki ta ɗaga katifa, ba ta ga komai ba, alhali ɗiyarta ta karance littafi ashirin.

Wanda na fi gani a hannun ɗalibaina shi ne Kimi ni Todoke, wanda Faransawa suka sa wa suna Sawako. Wata mata mai suna Karuho Shiina ta zana shi, ya yi fiye da shekara goma yana fitowa wata-wata a mujallar Bessatsu Margaret, ya ƙare a 2017 da littafi 30. Sawako yarinya ce mai shiru, mai dogon baƙin gashi, wadda ƴan ajinsu ke gudu saboda ta yi musu kama da wata fatalwa ta fim ɗin tsoro mai suna Sadako. Da wannan suna suke kiranta, har ana raɗe-raɗin wai duk wanda ya haɗa ido da ita wani abu zai same shi. Ita kuwa baiwar Allah ba ta da mugunta ko kaɗan, magana ce kawai ke yi mata wuya. Sai wani yaro mai farin jini, Kazehaya, ya riƙa gaishe ta kamar yadda yake gaida kowa. Daga wannan gaisuwa labarin ya tashi.

Abin da zai ba uba mamaki shi ne jinkirin tafiyar. Kafin Sawako ta san ma cewa abin da take ji so ne, an ci littattafai. Kafin su iya faɗa wa juna, an kusa cinye littafi goma. Mafi yawan shafukan farko ma ba a kan Kazehaya suke ba, a kan yadda ta sami ƙawaye biyu ne, Chizuru da Ayane, da yadda tsegumin ƴan aji ya kusa raba su. Daga baya yaron ya je gidansu ya gaida iyayenta, uban yana ta haɗe rai irin na kowane uba. A ƙarshe Sawako ta zaɓi ta zama malama, ta tafi jami'a a wani gari nesa da shi, kuma bai tsaya mata a hanya ba.

Wasu kuma raha ce zalla. Lovely Complex na Aya Nakahara labarin wata doguwar yarinya ce mai santimita 172 da wani gajeren yaro mai 156, a yankin Osaka, kullum suna cacar baki har ƴan aji suka mai da su abin dariya. Ore Monogatari, wanda Faransawa ke kira Mon histoire, labarin wani ƙaton yaro ne mai fuska kamar ta ɗan dambe da zuciya kamar auduga, wanda ya saba duk yarinyar da ya so sai ta so abokinsa kyakkyawa, shi ya sa da wata ta so shi ya kasa gaskatawa.

Duk wanda ya karanta biyu ko uku zai haddace kayan aikinsu. A Japan shekarar karatu tana farawa a watan Afrilu, lokacin da itatuwan sakura ke fure, don haka kusan kowane labari da faɗuwar furanni yake buɗewa. A bakin ƙofar makaranta kowane ɗalibi na da akwatin da yake ajiye takalmin waje ya sa na ciki, a nan ake jefa wasiƙa. Ranar 14 ga Fabrairu ƴan mata ke ba samari cakulan, ranar 14 ga Maris samari su rama. Ranar kammala makaranta, yarinya kan roƙi yaro maɓalli na biyu na rigar makarantarsa, wai shi ya fi kusa da zuciya. Ɗalibai da kansu ke share aji, ga bikin makaranta na shekara-shekara, ga wasan wuta na lokacin zafi. A cikin waɗannan ƙananan abubuwa ake yin soyayyar.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai fiye da saura, shi ne maganar suna. Ɗaliban Japan da sunan gida suke kiran juna. Kazehaya ya daɗe yana ce mata Kuronuma, sunan gidansu ke nan, kuma ranar da bakinsa ya iya furta Sawako babbar rana ce a labarin, fuska ta yi ja, ido ya sauka ƙasa. Bafaranshe zai karanta wannan ya ga abin ban dariya. Ɗiyar Bahaushe kuwa ta san wannan nauyi tun daga gida, don kakarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, uwarta kuma ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ina jin wannan kunya ce ta sa yaranmu suke jin littattafan nan kusa da su fiye da finafinan Turai, inda ake haɗuwa da safe a ƙare komai da dare.

Wata rana na karɓe salular wata ɗaliba ƴar ajin BEPC da na gani tana latsawa a ƙarƙashin tebur, kamar yadda dokar aji ta ce. Da aka tashi ta zo karɓa, sai na tambaye ta me ta gani a cikin wannan zane da ya fi darasina daɗi. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce: "Mushe, ita ma ba wanda ke yi mata magana." Yarinyar daga ƙauye aka kawo ta, tana zaune gidan ƴan uwa, ƴan birni na yi wa Hausarta dariya. Ashe ba Kazehaya take bi ba, Sawako take bi, tana so ta ga yadda marar baki ke samun ƙawaye. Na kuma lura cewa a rubutunta na Faransanci tana da kalmomin bayyana abin da ke zuciya waɗanda ban koyar ba, kuma babu su a littafin aji. Malamin da ya san wahalar sa yaro ya karanta shafi biyu don kansa ba zai raina wannan ba.

Duk da haka ban zo tallar manga ba. Japan ba ƙasar Musulmi ba ce, kuma abin da suke ɗauka ba komai ba a wurinmu komai ne. Saurayi da budurwa su keɓe su biyu, su fita yawo, a yi sumba, ba tare da maganar aure ba, duk wannan daidai ne a can, kuma yana cikin littattafan, har da mafi tsabtarsu. Mu kuwa zance a ƙofar gida muka san shi, da sanin iyaye, kuma aure yake fuskanta. Wannan bambanci a bayyane yake, yaro mai tarbiyya zai gane shi da zarar an nuna masa. Abubuwan da suka fi damuna ba su fito fili haka ba, kuma guda uku ne.

Na farko shi ne saurayi mai wulaƙanci da ake nuna cewa can ciki mutumin kirki ne. A Hana yori dango na Yoko Kamio, wanda ya fara fitowa a 1992, kuma Koriya ta mai da shi fim mai dogon zango a 2009, Domyoji ɗan masu kuɗi ne da ya sa makaranta duka ta tsangwami wata ɗiyar talaka, Tsukushi, kuma shi ne dai ta so a ƙarshe. A Itazura na Kiss na Kaoru Tada, yarinya ta miƙa wa yaro wasiƙa ya ƙi ko karɓa, ya raina ƙwaƙwalwarta, ita kuma ta yi ta binsa shekara da shekaru har ya sauko. Darasin da ke ƙasan wannan shi ne, in namiji ya ci mutuncinki ki ƙara haƙuri, so ne bai iya faɗa ba. Ɗiyanmu sun riga sun ji kalmar haƙuri fiye da kima, ba su buƙatar Japan ta ƙara musu. Namijin da ya raina mace tun a waje, ba ɗaurin aure ne zai koya masa mutunta ta ba.

Na biyu ya shafe mu malamai kai tsaye. Akwai labarai da dama da ke ƙawata soyayya tsakanin ɗaliba da malaminta. Hirunaka no Ryuusei na Mika Yamamori na cikinsu: yarinya ta taso daga ƙauye zuwa Tokyo, zuciyarta ta karkata ga malamin ajinsu, shi ma ya karkata. A takarda abin ya yi taushi, malamin matashi ne mai fara'a. A lakwal ɗinmu kuwa mun san ma'anar malami ya fara kallon ɗaliba da wannan ido, alhali makinta na hannunsa. Kowane malami mai gaskiya ya taɓa jin irin wannan labari, kuma kullum yarinyar ce ke kwana ciki. A nan ma Sawako ta fi sauran hankali, domin da Ayane ta faɗa wa malaminsu tana sonsa, bai karɓa ba, bai kuma tozarta ta ba, ya bar ta ta kama hanyar karatunta. Wannan shafi na so a ce kowane sabon malami ya gani kafin ya riƙi alli.

Na uku shi ne wurin da ake karantawa. Littafin takarda yakan zo da alamar kamfani da rukunin da aka sa shi, mai kanti ma ya san abin da yake sayarwa. Shafukan kyauta kuwa kasuwa ce marar sarki. Sawako na nan, kusa da ita ga manga na manya zalla, mai zanen da ba ya faɗuwa, kuma tallace-tallacen da ke faɗowa a fuskar salula sun fi littattafan muni. Zanen duka iri ɗaya ne ga idon uba, manyan idanu da kayan makaranta, don haka ba a ganewa da leƙe ɗaya. Ga kuma dare. Yarinyar da ta ce babi ɗaya za ta ƙara, sai kiran assalatu ya same ta, da safe tana gyangyaɗi a aji.

Amma abin da ya fi tsaya mini bayan na rufe littattafan nan shi ne sauƙinsu. Sawako ta so wani tana da shekara 15 ko 16, kuma wannan so bai ci mata komai ba. Ba wanda ya cire ta daga makaranta, ba wanda ya kira taron dangi. A Japan fiye da kashi 98 cikin 100 na yaran da suka gama matakin kwaleji suna wucewa lise, kuma tun watan Afrilun 2022 doka ta mai da shekarun aure 18 ga mace da namiji duka. A Nijar kuwa, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kafin 15. Raha da dariyar da ke cikin manga sun samu ne domin yarinyar ta san gobe da safe kujerarta na jiranta a aji, ko an so ta ko ba a so ta ba.

Shekarun baya ina da wata ɗaliba da ke cikin ukun farko a ajinsu. Ubanta ya tsinci wasiƙa a cikin kayenta, layi huɗu ne wani yaro ɗan ajinsu ya rubuta, babu batsa, babu alƙawarin haɗuwa. Ita ko amsa ba ta ba shi ba. Uban ya ce tunda ta fara wannan, zamanta a lakwal ya ƙare. Mun je mu biyu mun roƙe shi, ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya ce gara ya aurar da ita da hannunsa da a jawo masa abin kunya. Kafin damina ta faɗi an ɗaura aure. Yaron da ya rubuta wasiƙar ya ci BEPC ya wuce lise. Ban ɗauki uban nan mugu ba, tsoro ne ya kama shi, kuma tsoron da kowane uban ɗiya ya sani ne. Amma layi huɗu suka rufe karatun yarinya mai ƙwaƙwalwa, duk da dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamban 2017 don kare karatun ɗiya mace.

Wannan ba sabon labari ba ne a ƙasar Hausa. Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Kano, ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, kuma littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan ciwo ya tsaya. Littattafan soyayya na Kano su ma sun sha irin zargin da manga zai sha. A 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a, waɗanda aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Yau ga su nan sun koma WhatsApp da Wattpad, sun fi da yawa, kuma babu mai tace su. Wuta ta ci takarda, ba ta ci ƙishirwar da ta sa ake karatun ba.

Yarinya mai shekara 15 za ta ji zuciyarta ta buga don wani, ko ta karanta manga ko ba ta taɓa ganinsa ba. Haka Allah ya halicci ɗan Adam, mu ma ta nan muka biyo, iyayenmu ma haka, a dandali ko a hanyar rijiya. Jin abu a zuciya daban, aikata abin da bai dace ba daban, kuma tarbiyya ita ce koya wa yaro tazarar da ke tsakaninsu. In muka mai da jin kansa laifin da hukuncinsa barin makaranta ne, abin da muka koya wa ɗiyanmu shi ne ɓoyewa. Wadda ta saba ɓoye ƙaramin abu kuwa, ranar da babban ya zo, ranar da wani babba ya tare ta a hanya ko wani malami ya fara aiko mata saƙo da dare, ba za ta faɗa wa kowa ba.

A gidana ga yadda muke yi. Salula ba ta kwana ɗakin yara, bayan sallar isha'i tana hannun uwarsu. Duk labarin da za su karanta sai sun faɗa mini sunansa, in duba littafin farko da ɗaya daga tsakiya, don wasu da tsabta suke farawa su canza a hanya. Wanda na ga bai dace ba nakan faɗi dalili, ba na tsaya ga "na hana" kawai. Wanda ya dace kuma uwarsu kan zauna su ba ta labarinsa tana tsinke zogale, ta riƙa tambaya: wannan yaron da ya yi mata tsawa gaban mutane, ke za ki yarda? Me ya sa ba ta faɗa wa uwarta ba? Ta bakin Sawako da Tsukushi ƴaƴana sun faɗi abubuwan da kunya ba za ta bar su su faɗa da sunan kansu ba, uwar kuma ta ji abin da take buƙatar ji.

Malamai kuma muna da tamu dama. Yaron da ke son labari cikin zane, a sa shi ya taƙaita babi ɗaya a rubuce, ko ya sake rubuta ƙarshensa yadda zai faru a garinsu. Na gwada wannan na biyun, kuma abin da ƴan matan suka rubuta ya isa a karanta shi a taron iyayen ɗalibai: kusan dukansu a labarinsu an gano yarinyar, an cire ta daga lakwal. Wata ɗaya ce ta rubuta cewa uwar ta ɓoye maganar, ta kira ɗiyarta ɗaki ta yi mata faɗa da nasiha, yarinyar ta ci bak.

A bayan kayen ɗalibaina ina ganin zane-zane masu kyau, manyan idanu irin na Japan amma da hijabi da lalle. Tunda a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ina fatan cikin masu wannan zane wani ko wata za su ba mu namu labarin da Hausa, na ɗiyar lise a Tawa ko Tasawa wadda zuciyarta ta buga, ta riƙe mutuncinta, iyayenta suka riƙe hankalinsu, ta gama karatunta. Kafin a zana shi a takarda, mu iyaye ne za mu fara ba shi wuri a gidajenmu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu basirar riƙonsu.